Lasin Tuƙi Cikin Wayar Salula: Darasi Daga Tashoshin Utako

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta unguwar Utako da ke Babban Birnin Tarayya, Abuja, zai tarar harkar sufuri ta kankama tun kafin a buɗe ofisoshin gwamnati. A nan ne manyan kamfanonin motocin safa irin su ABC da GIG da Peace Mass Transit suke da tashoshinsu, ga kuma babbar tashar Utako da maƙwabciyarta ta Jabi, inda ake lodin fasinja da kaya zuwa sassa daban-daban na ƙasar nan. Kafin kowace mota ta ɗaga, wajibi ne direba ya shafa aljihu ya tabbatar lasinsa na tuƙi yana tare da shi. Ƙaramin kati ne wanda bai cika tafin hannu ba, amma rashinsa na iya tsayar da motar miliyoyin Naira a bakin hanya, da fasinjojinta, da kayan 'yan kasuwar da ke jiran isowarsu a Kano ko Onitsha.

A 'yan shekarun nan an shiga maganar mayar da wannan kati cikin wayar salula. A shekarar 2023 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta ba da sanarwar samar da lasin na zamani wanda mai shi zai riƙa ɗauke da shi cikin manhajar waya, sannan a watan Satumba na 2024 ta ƙaddamar da wata manhaja wadda cikin ayyukanta har da tantance lasin tuƙi da lambar mota. Tambayar da ke gaban masu motocin haya da 'yan kasuwar da ke ba direbobi amanar dukiyarsu ita ce ko wannan sabon abu ya cancanci a gwada shi. Babu ko shakka ya cancanta, amma da sharaɗin a san abin da ake gwadawa. Darajar lasin waya tana ga yiwuwar wani ya tabbatar da ingancinsa da tasa na'urar, kuma muddin hakan bai samu a kan kowace hanya ba, bai kamata kati ya bar aljihun direba ba.

Idan ba a manta ba, an kafa hukumar FRSC ne a watan Fabrairu na 1988, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, inda Farfesa Wole Soyinka ya zama shugaban hukumar gudanarwarta na farko. Kafin wannan lokaci kowace jiha ita ke ba da nata lasin, kuma babu wani kundi guda da za a duba a san wanda aka ƙwace wa lasin a wata jiha ya koma wata ya karɓi sabo. Wannan ne ya sa a farkon shekarun 1990 aka fito da tsarin lasin bai-ɗaya na ƙasa. A 2011, lokacin da Osita Chidoka ke jagorancin hukumar, aka ƙaddamar da sabon lasin mai ɗauke da hoton fuska da zanen yatsu, sannan a ƙarshen 2020 aka wajabta wa masu neman lasin gabatar da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Duk wanda ya dubi waɗannan matakai zai ga manufarsu guda ce, wato a kai matsayin da asalin lasin zai zauna a rumbun bayanan gwamnati, kati kuwa ya zama shaida kawai ta abin da ke rubuce a can. Lasin waya mataki ne na gaba a kan wannan hanya, kuma ƙarfinsa ba zai wuce ƙarfin rumbun da ke bayansa ba.

Dalili na farko da zai sa ɗan kasuwa ya mayar da hankali kan wannan batu shi ne jinkirin fitowar kati. Kamar yadda aka sani, hannaye uku ne ke cikin bayar da lasin: jami'an duba lafiyar motoci da aka fi sani da VIO, su ke jarraba direba, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, ita ke karɓar kuɗi, sai FRSC mai ɗaukar bayanai da buga kati. Daga watan Yuni na 2025 Hukumar Haɗin Gwiwa kan Haraji ta tsayar da kuɗin lasin mota a kan Naira 15,000 na shekara uku, da Naira 21,000 na shekara biyar. Shekara da shekaru tsarin shi ne, bayan an ɗauki hoton mutum a ba shi lasin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito. Sai dai sau da yawa kwana 60 kan wuce ba a ga kati ba. A watan Oktoba na 2025 hukumar da kanta ta bayyana cewa lasin da suka taru ba a buga ba sun kai 800,000 kafin ta rage su zuwa rabi, ta kuma yi alkawarin sabon tsarin ɗaukar bayanai da zai kawar da lasin wucin gadi.

Wannan adadi yana nufin dubban ɗaruruwan mutane da suka biya kuɗinsu, sunansu kuma ya shiga rumbun gwamnati, amma babu cikakkiyar shaida a hannunsu. Ga mai motar gida wannan ɓacin rai ne kawai. Ga mai motocin haya kuwa asara ce ta kuɗi, domin duk sa'ar da direba ya ɓata yana bayani a shinge, sa'a ce da aka ɗebe daga cinikin ranar, kuma tumatir da kifi ba su san uzurin na'urar buga kati ba. Jadawalin laifuffuka na dokar hukumar ta 2007 ya sanya tarar Naira 10,000 kan laifin da ya shafi lasin, amma masu harkar sun san cewa tarar ce mafi ƙanƙantar abin da ake rasawa idan aka tsare mota yini guda. Lasin da zai sauka a waya ranar da aka amince da takardun mutum zai toshe wannan ɓaraka, tun da ba ya jiran roba ko tawada ko motar da za ta kai kati jiha.

Dalili na biyu ya fi na farko muhimmanci, shi ne batun jabu. Hukumar ta sha yin gargaɗi cewa duk lasin da aka samu ta hannun dillali ba tare da mai shi ya je an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa ba, na bogi ne. Duk da haka kasuwar waɗannan dillalai ba ta mutu ba. Mai mota da zai ɗauki sabon direba yakan karɓi kati ya juya gaba da baya, ya dubi hoto ya dubi fuska, daga nan ya miƙa mabuɗi. Ranar da haɗari ya auku ne gaskiya ke fitowa, domin galibin yarjejeniyoyin inshorar mota sun shardanta cewa wanda ke tuƙi ya kasance yana da ingantaccen lasin na ajin motar da yake ja. Idan aka gano na jabu ne, kamfanin inshora ya samu hujjar janye jiki, asara kuma ta dawo kan mai mota.

A nan ne ya kamata a ɗauki darasi daga 'yan kasuwar Utako da ke maƙwabtaka da tashoshin nan. Lokacin da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sakamakon sauya fasalin Naira, ciniki ya koma ta hanyar tura kuɗi da waya, kuma da yawa sun koyi darasi da tsada. Mai saye zai nuna allon wayarsa da saƙon cewa kuɗi sun tafi, a sallame shi da kaya, daga baya a nemi kuɗi a rasa. A yau da wuya a samu ɗan kasuwa mai wayo da zai saki kaya don ya ga rasit a wayar mai saye. Sai ya ga alat a tasa wayar, ko na'urarsa ta POS ta tabbatar. Wannan ka'ida ce ta dace da lasin waya. Abin da direba ya nuna a allonsa, ko da kuwa yana da tambarin gwamnati da launin tuta, ba ya tabbatar da komai, domin yaro mai ƙaramar ƙwarewa na iya shirya irinsa cikin minti kaɗan. Tabbaci yana zuwa ne daga na'urar mai dubawa.

Ƙasashen da suka riga Nijeriya shiga wannan fage sun gano hakan. Jihar Louisiana ta Amurka ta fara nata a 2018, Norway a 2019, Denmark a 2020, Koriya ta Kudu kuma a 2022. A jihar New South Wales ta Ostareliya, wadda ta fara a 2019, masu binciken tsaron kwamfuta sun nuna a 2022 cewa ana iya sauya bayanan da ke fitowa a allon wayar, abin da ya tabbatar da haɗarin dogara ga kallon ido kaɗai. Domin magance irin wannan ne Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 18013-5 a 2021. A ƙarƙashinta, hukumar da ta ba da lasin takan rufe bayanansa da wani hatimi na sirri wanda ita kaɗai ke iya bugawa. Jami'i zai haska tambarin QR da ke allon direba, ko ya kusantar da na'urarsa, bayanan su tsallaka kai tsaye tsakanin na'urorin biyu, sannan tasa na'urar ta duba hatimin. Idan an taɓa ko da harafi guda, hatimin ba zai dace ba. Abin lura shi ne ana iya yin duk wannan ba tare da intanet ba, kuma ba tare da waya ta bar hannun mai ita ba.

Waɗannan abubuwa biyu na ƙarshe su ne ma'aunin da ya kamata Nijeriya ta ɗora nata tsarin a kai. Direban da ya tashi daga Utako ba a cikin Abuja zai wuni ba. Da zarar ya wuce Zuba ya kama hanyar Kaduna, zai ratsa wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa baki ɗaya a jihar Zamfara saboda dalilan tsaro, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka kuma shafe makonni a haka. A ranar 14 ga Maris na 2024 kuma lalacewar wayoyin sadarwa na ƙarƙashin teku ta jefa bankuna da kamfanoni a Afirka ta Yamma cikin matsala. Lasin da ba zai buɗe ba sai da intanet, a irin waɗannan ranaku daidai yake da babu. Haka nan akwai batun caji, a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, da kuma gaskiyar cewa direbobi da yawa, musamman na manyan motoci da na ƙauyuka, ƙaramar waya suke riƙewa wadda ba ta ɗaukar manhaja.

Batun riƙe waya kuwa ya shafi dukiya da mutunci. Wayar direba a yau ita ce bankinsa, a cikinta manhajar asusunsa take, da lambobin masu ba shi kaya, da saƙonnin iyalinsa. Idan jami'i ya riƙe kati, direba ya shiga damuwa amma harkarsa ba ta tsaya ba. Idan kuwa aka riƙe waya da sunan duba lasin, an riƙe masa komai, an kuma buɗe wata sabuwar ƙofa ta neman na goro. Saboda haka wajibi ne umarnin da za a bai wa jami'ai ya fito fili cewa nuna lasin ba izini ba ne na karɓar waya ko bincika abin da ke ciki. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta tanadi cewa kada a karɓi bayanan mutum fiye da buƙata, kuma ƙa'idar duniya da aka ambata ta ba da damar direba ya nuna hotonsa da ajin lasinsa da ranar ƙarewarsa ba tare da ya bayyana adireshin gidansa ba.

Har ila yau akwai batun amincewar hukumomi. A kan hanyoyin ƙasar nan ba jami'an FRSC kaɗai ke tambayar takardu ba, akwai 'yan sanda, akwai jami'an zirga-zirga na jihohi. Sanarwa daga hedkwatar hukuma guda ba ta ɗaure jami'in wata hukuma da ke tsaye a shingen Ɗanbatta ko Talata Mafara ba. Ƙasar Indiya ta fuskanci wannan matsala da manhajarta ta DigiLocker, har sai da Ma'aikatar Sufurin Hanyoyi ta ƙasar ta rubuta wa jihohi a 2018 cewa su karɓi takardun da aka nuna ta manhajar, aka kuma gyara ƙa'idojin motoci don su dace da hakan. Irin wannan gyara ne ake buƙata a ƙa'idojin hanya na Nijeriya, a rubuce, a kuma isar da shi ga kowane jami'i. Bugu da ƙari, ya kamata a guji yanayin da kowace hukuma za ta fito da tata manhajar da nata kuɗin. Abin da ya faru a watan Yuli na 2024, lokacin da rundunar 'yan sanda ta sanar da ranar fara tilasta rajistar motoci ta e-CMR sannan ta dakatar da matakin bayan ƙorafin jama'a, ya isa ya nuna cewa masu motoci sun gaji da biyan kuɗi sau biyu kan bayani guda.

Ga masu ƙetare iyaka kuma, magana ba ta ma taso ba tukuna. Direban da zai bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Illela zuwa Ƙonni, ba zai tilasta wa jandarma karɓar manhajar Nijeriya ba. Ita kanta Tarayyar Turai, da ta amince da sabuwar dokar lasin tuƙi a watan Oktoba na 2025 wadda ta tanadi lasin waya, ta bar wa kowane direba 'yancin neman katinsa na hannu. Idan ƙasashen da ke da wadatar lantarki da sadarwa sun ga hikimar barin kati, Nijeriya ta fi su buƙatar hakan.

Wasu na ganin cewa tun da matsalolin suna da yawa haka, gara a bar batun gaba ɗaya har sai ƙasa ta gyaru. Wannan ra'ayi yana da nasa dalilin, domin an ga yadda aka ƙaddamar da kuɗin eNaira a watan Oktoba na 2021 da gagarumin biki, amma jama'a ba su rungume shi ba. Sai dai darasin da ke ciki shi ne mutane ba sa karɓar sabon abu sai ya warware musu wata matsala da suke ji a jikinsu. Na'urar POS ba ta buƙaci biki ba kafin ta cika kasuwanni. Lasin waya yana da matsalar da zai warware, wato jinkiri da jabu, kuma masu motoci ne suka fi kowa jin zafinsu. Idan suka naɗe hannu, za a tsara abin ba da su ba, daga baya a zo musu da ranar tilastawa.

Don haka Utako wuri ne da ya dace a yi gwaji na gaskiya. Kamfanonin da ke da motoci biyar zuwa sama dama suna ƙarƙashin tsarin rajistar masu jigila na hukumar, kuma ana sa ran suna da jami'in kula da kiyaye haɗurra. Irin wannan jami'i na iya zaɓen direbobi kaɗan a kan hanya guda, su gwada na tsawon wata ɗaya, kati kuma yana aljihu. A fara tun mota na tsaye a tasha, domin amfani da waya a lokacin tuƙi laifi ne. A duba ko suna da aji da ranar ƙarewa da ke waya sun yi daidai da na kati. A kashe data a ga ko lasin zai buɗe. A sa wani ya tantance shi da wata waya dabam, a lura da tsawon lokacin da hakan ke ɗauka. A binciki abin da zai faru idan waya ta ɓace ko aka sauya layi. A kan hanya kuma, direba ya riƙa lissafin shingayen da aka karɓa da waɗanda aka ce sai kati. Ko da ba a kai ga wannan ba, babu abin da ya hana kowane mai mota tantance lambar lasin direbobinsa ta hanyar da hukumar ta tanada kafin ya miƙa mabuɗi, ya kuma ajiye jadawalin ranakun ƙarewarsu kamar yadda yake ajiye na inshora.

Ƙungiyoyin sufuri irin su NURTW da RTEAN da NARTO suna da rawar takawa wajen tattara sakamakon irin wannan gwaji su miƙa shi a rubuce, musamman da yake hedkwatar hukumar da ke Wuse ba ta da nisa da tashoshin Utako. Buƙatunsu ya kamata su kasance a bayyane: lasin waya ya yi aiki ba tare da intanet ba, a bai wa jami'ai na'urar dubawa kafin a ce wa direbobi su dogara da shi, a sanya amincewa da shi cikin ƙa'idojin hanya ta yadda zai ɗaure dukkan hukumomi, kada a ɗora ƙarin kuɗi a kan wanda aka riga aka biya, sannan mai ƙaramar waya ya ci gaba da tuƙi da katinsa ba tare da tsangwama ba.

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Masu tsara manhaja a ofis sun san kwamfuta, amma direban da ke bin hanyar Abuja zuwa Sakkwato sau biyu a mako shi ya san inda sabis ke ɗaukewa da shingen da ake daɗewa. Ranar da direba zai tashi daga Utako ya isa Gusau, a duba lasinsa a kowane shinge cikin daƙiƙa kaɗan, wayarsa tana hannunsa, ranar ce za a iya fara maganar ajiye kati a gida. Kafin ta zo, aikin da ke gaban masu motoci shi ne su gwada, su rubuta abin da suka gani, su kai wa hukuma.